Maganin da ya saba yi wa kajina aiki ya daina, in ninka shi ne?

Tambayar wata mai kiwo ce a nan Jos: "Likita, ina da kaji masu ƙwai 500. Duk sanyi sai su kama mura da minshari. Da, in na sa musu oksitetrasaikilin kwana uku sun warware. Bana na sa bai yi ba, na koma enrofuloksasin, mai shago ya haɗa mini da wani mai kolistin a ciki, amma har yau kullum sai na ɗebe mushe biyu ko uku, ƙwai kuma ya ragu. Maganin ne jabu, ko in ninka shi? Sannan wai gaskiya ne ba a cin ƙwan kazar da ke shan magani?"

Hajiya, Allah ya mayar da alheri, ya tsayar da asarar haka. Kada ki ninka, kada kuma ki sayi na huɗu. Abin da ya kamata ki yi gobe da safe shi ne ki ɗauki kaza biyu da suka mutu a daren, ki haɗa da ɗaya ko biyu masu rai da ciwon ya bayyana a jikinsu, ki kai a buɗe su a gani. Ke da kike Jos ba ki da uzuri a nan, domin Cibiyar Binciken Cututtukan Dabbobi ta Ƙasa tana Vom tun 1924, masu kiwo daga jihohi masu nisa suke turo gawar kaji can, ke kuwa da kin wuce Bukuru kin kusa. Akwai kuma asibitin koyarwa na likitancin dabbobi na Jami'ar Jos, ga likitoci masu zaman kansu. Magani uku kika bayar ba tare da kowa ya ga cikin kazar ba, kuma a nan matsalar take.

Jabun magani akwai shi a kasuwa, ba na musu. Ki duba lambar rajistar NAFDAC da ranar lalacewa, ki kuma lura ko kwalbar ta sha rana a kan kanta. Amma a aikinmu, in mai kiwo ya ce magani ya daina ci, abu biyu ne suka fi yawa: ko dai ciwon tun asali ba na antibayotik ba ne, ko kuma ƙwayoyin cutar da ke ɗakin kajin sun riga sun ƙware wajen jure maganin.

Na farkon yana da sauƙin bayani. Duk magungunan da kika lissafa bakteriya suke kashewa. Nukasil, Gumboro, murar tsuntsaye da ciwon mashaƙon kaji da ke sa ƙwai ya fito da laushin ɓawo duk bairos ke kawo su, kuma ko buhun antibayotik kika juye a ruwa ba ya taɓa bairos. Kashin jini kuma wata ƙwaya ce daban da ke cin bangon hanji, maganinta irin su amfuroliyom ne. To minshari da mura da raguwar ƙwai, Nukasil na kawo su, bakteriyar Maikofulasma na kawo su, bakteriyar Ikolai na kawo su, kai ko warin ɗaki kaɗai na kawo su. Daga bakin ƙofa ba mai iya rarrabewa, ko ni. Da wuƙa ake rarrabewa. In aka buɗe kaza aka tarar zuciya da hanta sun lulluɓe da wani farin abu mai ɗan rawaya kamar cuku, jakunkunan iska da ya kamata su zama garau sun yi duhu sun yi kauri, to Ikolai ce ta yi aiki. In hanta ta kumbura ta koma launin tagulla mai ɗan kore, saifa ta yi girma, sai mu yi zargin taifot ɗin kaji, wato Salmonela. In aka tsaga tumbin da ke gaban ƙundu aka ga ɗigo-ɗigon jini a kan 'yan tsirarrakin cikinsa, hankali sai ya koma kan Nukasil. Makafin hanji biyun nan da suka cika da jini, kashin jini ne. Aikin minti goma ne, amma shi ke raba mai kiwo da sayen maganin dubban nairori a banza.

Na biyun shi ne ya fi damuna game da ɗakinki, saboda kin ce "duk sanyi". Wato shekara da shekaru magani ɗaya kike bai wa ɗaki ɗaya, kwana uku ki tsaya. A cikin hanjin kaza ɗaya akwai bakteriya da ba sa ƙirguwa, kuma ba duka suke daidai ba. In magani ya shiga, masu rauni su ne ke fara mutuwa. 'Yan kaɗan da ke da wata dabara, ko ta fitar da maganin daga jikinsu ko ta lalata shi, su suke saura. In aka tsayar da magani da wuri, ko aka ba da shi tsarma-tsarma, sai a bar musu fili babu abokin gasa. Ikolai in ta samu yanayin da take so tana rabuwa biyu cikin kimanin minti 20, don haka kafin mako ya zagayo jikokin waɗanda suka tsira sun cika hanjin, sun fita a kashi, sun shiga shimfiɗa da mazubin ruwa da tsagar bango. Kajin bara sun tafi, su suna nan suna jiran na bana. Ƙarin abin haushi, bakteriya na miƙa wa juna wannan dabara ko da ba dangi ɗaya ba ne, ta wani ɗan guntun gado da ke tsallakawa daga wannan ƙwaya zuwa waccan, kuma sau da yawa guntu ɗaya na ɗauke da kariya daga magani uku ko huɗu a haɗe. Shi ya sa mutum zai canza zuwa maganin da bai taɓa sayen sa ba ya tarar shi ma ba ya ci. Duk wanda ya kai shekara talatin ya ga irin wannan a jikin mutane: kulorokwin da muka tashi da shi yana sauke zazzaɓin cizon sauro, sannu a hankali ya daina, har Najeriya ta sauya shi a hukumance a 2005. Ƙwayar maganin ba ta canza ba, abin da take kashewa ne ya canza. Shi kansa Alexander Fleming da ya gano fenisilin ya yi wannan kashedin a 1945, cewa ba da maganin ƙasa da ƙima zai koya wa ƙwayoyin cuta jure shi.

Akwai hanyar sanin wane magani ne har yanzu ke cin ƙwayar da ke ɗakinki. In kin kai kajin, ki ce kina son a shuka ƙwayar a yi mata gwajin magani. Za su ɗebo daga hanta ko zuciya su shafa a wani faranti mai abincin bakteriya, in ƙwayar ta tsiro su shafa ta a wani farantin, su jera 'yan ƙananan takardu masu zagaye a kai, kowace ɗauke da magani daban, su sa a ɗumi. Washegari inda maganin ke aiki za ki ga fili tas ya kewaye takardar, inda ba ya aiki kuwa ƙwayar ta tsiro har jikin takardar kamar ba a sa komai ba. Duka aikin kwana biyu zuwa uku ne. A farantin da ke fitowa daga gonakin kaji yanzu, takardar tetrasaikilin, dangin oksitetrasaikilin ɗin da kike bayarwa, ita ce aka fi gani a nutse, kuma ba abin mamaki ba ne tunda ita ce mafi araha, ita ake zubawa tun kaji suna 'yan tsaki. Sai dai ki gaya wa masu gwajin gaskiyar abin da kika bayar da ranar da kika bayar. Kazar da ke cike da magani wani lokaci ba ta fitar da komai a faranti, sai a ɗauka lafiya lau ne. In akwai waɗanda ba su sha ba, su ne suka fi dacewa da gwaji.

Ko an samu maganin da ya dace, yadda ake ba da shi a gonakinmu na lalata shi. Abin da aka rubuta a jikin leda, giram kaza a lita kaza, an lissafa shi ne a kan kaza mai shan ruwa yadda ta saba. Kaza mai ƙwai tana shan kusan rubu'in lita a rana, kajinki 500 ke nan suna shan lita 100 zuwa 125. To a sanyin Jos na Disamba da Janairu, ga kuma ciwo, sai su sha lita 70. Ke kin auna daidai, amma abin da ya shiga jikinsu kusan kashi biyu cikin uku ne kawai, waɗanda suka fi jin jiki kuma, da suka takure a lungu, su ne ma ba sa zuwa wurin ruwan. Don haka likita ke lissafi da nauyin kaji, ya fitar da maganin yini guda, a zuba shi a ruwan da aka tabbatar za su shanye. Ruwan magani ba ya kwana, kullum sabo ake haɗawa. Tetrasaikilin da enrofuloksasin kuma dukansu suna kamuwa da sinadarin kalsiyom da ƙarfe, abincin masu ƙwai kuwa cike yake da kalsiyom saboda ɓawo, ga mazubin kwano mai tsatsa, ga ruwan rijiya mai nauyi. Wani kaso na maganin sai ya wuce ta hanji bai shiga jini ba. Awo da murfin kwalba ko cokalin shayi kuma a bar shi, a koma sirinji da ƙaramin sikeli. In an ce kwana biyar, kwana biyar ne, ko da sun miƙe a rana ta biyu.

Haɗe-haɗen mai shago kuwa, ban ce mugu ba ne, kayansa yake sayarwa, kuma bai ga kazar ba. Amma ki karanta bayan ledojin da kika tara. Da yawa suna ne daban, abin ciki ɗaya. Wasu ledoji da ake sayarwa da sunan bitamin ko maganin gajiya ko ƙarin ƙwai akwai antibayotik a cikinsu, mai kiwo na zubawa mako-mako bai san magani yake bayarwa ba. Wannan ɗan kaɗan ɗin na kullum, wanda bai isa ya kashe ba, ya fi komai saurin horar da ƙwayoyin cuta. Tarayyar Turai ta haramta sa antibayotik a abincin dabbobi don ƙara girma tun 2006 saboda wannan dalili.

Biyu daga cikin magungunan da kika ambata suna da wata magana ta daban. Enrofuloksasin in ya shiga jikin kaza wani sashensa na juyewa ya zama sifurofuloksasin, sifro ɗin nan da ake rubuta wa mai taifot ko ciwon mafitsara a asibiti. Ƙwayar da ta jure ɗaya ta jure ɗayan. Amurka ta janye shi daga kiwon kaji a 2005 bayan an ga ƙwayar gudawa da mutane ke ɗauka daga naman kaji ta daina jin sifro, kuma a ƙasashe da yawa ba a yarda a ba kazar da ke yin ƙwan ci ba sam. Kolistin kuma tsohon magani ne da likitocin mutane suka ajiye saboda yana wahalar da ƙoda, suka dawo da shi don ya zama na ƙarshe in komai ya ƙi. A 2015 masu bincike a ƙasar Sin suka gano wani guntun gado mai suna mcr-1 a Ikolai ta dabbobi da ta mutane, wanda ke kare ƙwaya daga kolistin kuma yana tsallakawa daga ƙwaya zuwa ƙwaya. Ba a jima ba aka same shi a nahiyoyi da dama, Sin kuma ta hana sa kolistin a abincin dabbobi a 2017. Maganin da likita a asibitin koyarwa ke ɓoyewa don majinyacin da ke tsakanin rai da mutuwa, shi muke saya a leda ba takarda muna zuba wa kaji saboda mura. A ganina bai kamata kolistin ya shiga ɗakin kaji ba sai gwaji ya nuna babu wani.

Kada ki ɗauka abin ya tsaya a katangar gonarki. Kaso mai yawa na maganin da kaza ta sha yana fita a kashi da ƙarfinsa, tare da ƙwayoyin da suka jure shi. Kin fi ni sanin inda kashin kajin Jos ke zuwa: masu lambu ke saye buhu-buhu, ya tafi gonakin kabeji da karas da latas da dankalin Turawa, ruwan ban-ruwa ya wanke shi cikin rafi da kududdufan da haƙar kuza ta bari, kayan lambun kuma su sauka Farin Gada su bazu ƙasar nan, wasunsu ɗanye ake ci. Yaron da ke kwashe miki kashi, da mai fige kaji a kasuwa, da ke kanki in kin tsince ƙwai kika shiga kicin, ku ne na farko a layi. Wani babban bincike da mujallar Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu a duniya kai tsaye saboda bakteriya da suka daina jin magani, kuma in aka auna da yawan jama'a, yankinmu na Afirka ta Yamma ne ya fi kowa. Ba kaji kaɗai suka jawo ba, yadda mutane ke shan kafso daga kemis ba ƙa'ida ma babban ɓangare ne. Amma ƙwayar ba ta tambayar a ina aka horar da ita. Najeriya na da tsarin ƙasa na yaƙi da wannan matsala tun 2017, kuma da gangan aka haɗa lafiyar mutane da ta dabbobi da muhalli a cikinsa. In za ki sayar da kashin, ki tara shi ki rufe ya yi zafi ya ruɓe na wasu makonni tukuna, zafin na rage ƙwayoyin sosai.

Maganar ƙwai gaskiya ce. Kowane magani na da kwanakin jira da ake rubutawa a jikinsa, na nama daban na ƙwai daban, kuma daga ranar da aka daina bayarwa ake fara ƙirga. Kwanduwa ba rana ɗaya take haɗuwa ba, tana ɗaukar kimanin kwana 10 tana taruwa a cikin kaza, shi ya sa ƙwan da aka saka mako guda bayan an daina magani zai iya fitowa da saura a ciki. Dafawa na kashe ƙwayar cuta, amma ba ta da tabbas wajen lalata ragowar magani. Kuloramfenikol da furazolidon kuwa babu ma zancen jira, an haramta ba dabbar da ake ci, na farkon yana iya kashe ɓargon mutum ya daina yin jini, na biyun ana danganta shi da sankara. In kin gan su a shago ki wuce, kada kuma a ɓare kafson mutane a zuba wa kaji.

Na san lissafin da kike yi a zuci. Kaji 500 na ba da kiret goma sha wani abu a rana, abinci ga tsadar da ya yi, a ce a zubar da ƙwan mako biyu? Ba ƙaramin abu ba ne, kuma na san mafi yawan masu kiwo ba sa zubarwa. Amma hanyar rage wannan asara tana gaban ba da maganin. Akwai magungunan da aka yi wa rajista musamman don masu ƙwai, wasu ma an rubuta babu kwanan jira, likita zai zaɓa daga cikinsu in gwaji ya yarda. In ɗaki ɗaya ne ya kamu, shi kaɗai ake yi wa magani. In kaji goma ne ke jin jiki, a ware su a yi musu su kaɗai. Ƙwan da ke cikin kwanakin jira kuma ba a sayar wa mai shayi, ba a kai wa gidan marayu da sunan sadaka, ba a soya wa yaran gida.

Yanzu ga abin da nake zargin shi ne tushen murar da ke dawo miki duk shekara. Sanyin Jos na sa masu kiwo su rufe ɗaki ruf da leda da buhu, ba ta inda iska za ta fita. Kashi ya jiƙe a ƙarƙashin mazubin ruwa, warin nan mai yaji ya taru. Wannan warin na ƙone 'yan gashin da ke share maƙogwaron kaza, ƙurar hunturu ta ƙara nata, sai Ikolai da ke zaune a ɗakin tun da ta samu hanya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke shiga. Gobe da asuba, kafin a ɗaga labule, ki shiga ki durƙusa kanki ya yi daidai da kan kaji ki yi minti ɗaya. In idonki ya yi yaji ko hanci ya ɗauka, a cikin wannan suke kwana. Ki damƙi shimfiɗar a hannu: in ta dunƙule ta yi laima da yawa, a kwashe wurin a zuba busasshiyar dusar katako. A bar sarari ta sama ko da dare, a rufe ɓangaren da iska ke bugowa kawai. Babbar kaza mai gashi ta fi jure sanyi a kan wari. 'Yan tsaki ne ke son ɗumi na gaske, kusan digiri 32 zuwa 35 a makon farko, kuma waɗanda suka sha doguwar hanya daga Ibadan ruwa mai tsabta da ɗan gulukos da ɗumi suka fi buƙata, ba antibayotik na al'ada ba, sai in likita ya ga cibiya ta kumbura ko wata alama.

Rigakafi kuma ki duba yaushe rabonki da Lasota, wato rigakafin Nukasil. Masu ƙwai ana maimaita musu lokaci-lokaci, ba sau ɗaya ba ne. Vom na yin rigakafin Nukasil da Gumboro da taifot ɗin kaji da ƙyandar kaji. Ki ɗauko shi cikin ƙanƙara, a haɗa da ruwan da ba kulorin, a shanye cikin awa biyu, kuma ba a yi wa kajin da ke cikin ciwo, sai sun warware. Dillalin da ya fito daga wata gona kada ya taka cikin ɗakin, tsofaffin kiret na takarda da suka zaga gari su tsaya a waje, in kuma kin sayar da wannan rukunin a wanke ɗakin a fesa a bar shi aƙalla mako biyu babu kaza.

Ki samu littafi ki rubuta duk maganin da ya shiga ruwan kajin nan tun farkon sanyi, da rana, da yawa, da adadin da ke mutuwa kullum da kiret nawa kike tsinta, ki tafi da shi tare da ledojin. Gawar da za ki kai ta zama ba ta wuce 'yan awoyi ba, a sa a leda cikin kula da ƙanƙara, ba a daskarar da ita a firiza. Amma in lamarin ya canza, kika wayi gari kaji hamsin ko ɗari sun zube lokaci ɗaya, tukkunsu ya yi shuɗi, fuska ta kumbura, ƙafafu sun yi ja kamar an ƙuje, to kada ki ɗauki ko ɗaya a mota, kada ki sayar, kada ki bari a yanka. Wannan alamar murar tsuntsaye ce, wadda ta fara ɓulla a Najeriya a 2006 kuma Filato na cikin jihohin da ta sha yi wa ɓarna. Ki rufe gonar, ki kira likitan dabbobi na gwamnatin jiha, su za su zo su ɗauki samfur da kansu.